Daga 342 zuwa 330: yadda darasin dunƙule lamba ya cije a wani aji huɗu a Rigasa

Ranar wata Laraba, ana fita tara, malamar aji huɗu ta shigo ofis rungume da littattafan rubutu, ta dire su a kan teburina. Ni ne mataimakin hedimasta, duba shirin darasin malamai yana cikin aikina, saboda haka kawo mini littafi ba baƙon abu ba ne. Amma ban saba a kawo mini na aji guda cur a lokaci ɗaya ba.

"Malam, don Allah duba mini waɗannan. Sati guda ke nan muna abu ɗaya, kamar ina zuba ruwa a rariya."

Darasin da ya gagara shi ne mayar da lamba zuwa goma, ko ɗari, ko dubu mafi kusa da ita. A tsakaninmu dunƙule lamba muke ce masa, aron maganar nan ta kullum, "a dunƙule dai, nawa ke nan?" Abu ne da malami yake ɗauka zai gama a darasi biyu ya wuce gaba.

Makarantar ta gwamnati ce, a cikin Rigasa, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Wanda ya san Rigasa ya san cunkosonta, kuma ajin nan hoton unguwar ne: yara sun haura 70, benci na mutum uku ana matsuwa a kansa mutum biyar, wasu a ƙasa gaban allo. Malamar tana da takardar shaidar malanta ta NCE, tana cikin waɗanda aka ɗauka bayan jarrabawar gwajin 2017, wadda gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 da tambayoyin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da ake nema ba. Na kawo wannan ne saboda tun daga lokacin, da zarar yara sun kasa, bakin mutane a kan malami yake sauka, a ce bai iya ba. A nan wannan zargin bai da wurin zama. Ko daga barci ka tashe ta za ta dunƙule maka lamba, kuma ba ta fashi, ba ta latti.

Na zauna da littattafan har aka tashi. Abin da na fara lura da shi, kurakuran ba barkatai suke ba, dangi-dangi suke. Mafi yawa shi ne an ce a mayar da 342 zuwa goma mafi kusa, yaro ya rubuta 330. An ba shi 71, ya rubuta 60. Wasu kuma an ba su 347 sun rubuta 357: sun ƙara ɗaya a gidan gomomi yadda aka ce, sun bar bakwai ɗin tana zaune abinta. Da aka zo kan 396 sai abu ya rikice gaba ɗaya, na ga 3100 a littattafai da dama, wato an ƙara ɗaya a kan tara ta zama goma, aka cusa ta a gida ɗaya. Sai masu mayar da 148 zuwa 200 idan an nemi ɗari mafi kusa, don idonsu ya saba da kallon lambar ƙarshe, takwas kuma ta wuce biyar.

Da farko na zaci satar amsa ce. Da na duba mazauninsu sai na ga mai 330 na gaban allo da mai 330 na jikin bangon baya ba su ko iya jin juna. Kuskure ɗaya daga kawuna daban-daban, to daga bakin malami ya fito, ko da bai sani ba.

Kashegari na shiga na zauna a bencin baya. Ta rubuta ƙa'idar a allo da Turanci kamar yadda take a littafi, sannan ta fassara musu, suna amsawa kamar ana biya karatu: "In biyar ce zuwa sama, a hau sama. In huɗu ce zuwa ƙasa, a sauka ƙasa." Suka rera har sau huɗu, da tafi. Ajin ya haddace tsaf.

A nan na gano 330. Yaro ya ga cewa "a hau sama" na nufin a ƙara ɗaya a lambar gidan gomomi. To "a sauka ƙasa" fa? Hankali ya ba shi cewa a cire ɗaya ne. Huɗun da ke cikin 342 ta koma uku, aka share biyu, 330 ta fito. Yaron da ya rubuta haka ba daƙiƙi ba ne, hasali ma ya fi mai kwafa tunani. Ya ɗauki maganar malamarsa da gaske ya bi ta har ƙarshe. Laifin na fassarar ne, kuma ni ma na sha yin irinta shekara da shekaru ban lura ba. Aji huɗu dama mahaɗa ce mai santsi. Manufar ilimi ta ƙasa, a bugunta na 2004, ta ce a koyar da harshen gida a shekaru uku na farko, daga aji huɗu a koma Turanci. A aikace littafi da jarrabawa Turanci ne, bayani kuma Hausa ce da malami yake ƙirƙira nan take a gaban allo, babu wanda ya taɓa zama ya auna ta.

Amma fassarar rabin matsalar ce. A duk darasin nan ban ji kalmar "kusa" ta fito ko sau ɗaya ba. Yaran suna aiki da lambobi ɗaya-ɗaya, kamar masu tsintar tsakuwa a wake, ba wanda yake ganin 342 a matsayin wuri da ke tsakanin wasu wurare biyu.

Da aka fita tara na kira yara biyu daga cikin masu 330. Ta farko yarinya ce da ke tallar awara in an tashi.

"'Yata, in kin yi cinikin naira 1,850, Mama ta ce nawa kika samo, me za ki ce mata?"

"Zan ce dubu biyu ba ɗari da hamsin."

"In 1,100 ne fa?"

"Dubu ɗaya da 'yan kai."

Ba ta ko yi jim ba. Ta san 1,850 a bakin ƙofar dubu biyu take, ta san 1,100 ba ta yi nisa da dubu ɗaya ba. Yarinyar da littafinta yake cike da jan biro ke nan. Kuma ba ita ta ƙago salon ba, Hausa ce ta ba ta. Mu ne muke cewa ashirin ba ɗaya, talatin ba biyu, ɗari ba biyar, tsofaffi su ce gaira. A ɗaya gefen mu ce ɗari uku da ɗoriya, ko da wani abu, ko da 'yan kai. Duk wanda ya ce talatin ba biyu ya riga ya hango gomar da ta fi kusa kafin ya ambaci adadin. Yaran nan da wannan suka shigo makaranta, mu kuma muka bar shi a bakin ƙofa tare da takalmansu.

Na biyun ɗan mai shago ne, yana zama wa mahaifinsa da yamma.

"Kai ɗan samari, in kaya ya kama naira 342, nawa za ka ce wa mai saye?"

"Ɗari uku da hamsin."

"Me ya hana 340?"

Ya kalle ni kamar baƙo a gari. "Malam, ina za a samo canjin goma? Kuma ai faɗuwa ce."

Wannan amsar ta rushe shirin da na riga na yi a raina, don niyyata in ce wa malamar ta koyar da darasin da kuɗi, tunda shi yara suka sani. Amma dunƙulewar kasuwa ba ta bin kusanci, riba take bi. Mai sayarwa sama yake turawa, mai saye ƙasa yake ja, kwandasta kuma ya ce babu canji. Ga shi kuɗin kansa ya daina tafiya goma-goma. Sulallan kwabo 50 da naira 1 da naira 2 da Babban Banki ya fitar a 2007, yaran nan ba su taɓa riƙe su ba. Takardar naira 5 da ta 10 sun zama sai an tona, farashi hamsin-hamsin yake tsalle, in canji ya maƙale a ba ka alawa. Ka ce wa ɗan mai shago "goma mafi kusa" a kan naira, ka yi masa maganar da babu ita a duniyarsa.

Muka zauna da malamar bayan an tashi. Ban ce mata ta yi kuskure ba, littafi biyu na buɗe mata, na maimaita waƙarta a hankali ina nuna 330. Ta yi shiru, sannan ta dafe kai ta ce, "Innalillahi, ashe ni na koya musu." Muka yanke abu biyu: a ajiye waƙar gaba ɗaya na ɗan lokaci, kuma a bar kuɗi a koma tazara, tunda tazara ba ta da riba ba ta da faɗuwa. Sauran dabarar tata ce.

Litinin ta fitar da su ƙarƙashin dogonyaron bayan aji. Ta samo toka wurin masu sayar da abinci, ta ja layi a ƙasa, ta yi masa alamu goma sha ɗaya, taku ɗaya tsakanin kowace biyu. Yaro ɗaya ya tsaya a wannan bakin riƙe da kwali an rubuta 340, wani a wancan bakin da 350. Ta sa wata yarinya ta taka daga 340 tana ƙirgawa har ta tsaya a 342. Zango na uku ne, damina ta kankama, sai ta ɗauki misali daga abin da ke kansu.

"Ga hadari ya taso. Gida ɗaya a bayanki, ɗaya a gabanki. Wanne za ki ruga ki fake?"

Yarinyar ta waiga, ta yi taku biyu baya. Ajin ya ɗauki ihu. Aka sa wani a 347, ya ruga gaba. Ana cikin haka wani yaro daga masu 330 ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, 330 ma ba ta kan layin." Ba a sake bayani a kan wannan kuskuren ba, shi ke nan ya mutu. Na 357 ma haka, don wanda ya fake a gida cikin gidan yake, ba ya tsayawa taku bakwai a gaba da shi.

Da a nan labarin ya ƙare da ya yi daɗin ji. Wahalar ta fito ne rana ta biyu, da ta daina rubuta musu kwalayen, ta ce su za su faɗi gidajen biyu da kansu. Ta ce 563, tsakanin waɗanne gomomi take? Wasu suka ce 500 da 600, wasu 562 da 564. Da ta ce 396, aka samu 390 da sauri, sai aji ya yi tsit. Wani ya ce "ɗari uku da goma", wani ya ce "ɗari uku da ɗari". Ashe ramin ba a dunƙulewa yake ba, a ƙasanta yake. Yaran suna ƙirga goma-goma lafiya lau daga 10 zuwa 100, don waƙa ce tun aji ɗaya, amma ba su iya tsallaka ɗari daga tsakiyar hanya. Kwana biyu cur ta yi ba ta taɓa darasin ba, ƙirga kawai: 370, 380, 390, 400, 410, gaba da baya, sannan 980, 990, 1,000, 1,010. A nan ta jawo Hausar gida. Ta rubuta 398 ta ce wa zai faɗe ta yadda kakarsa za ta faɗa, mai awara ta ce ɗari huɗu ba biyu. Daga ranar, duk lambar da ta ƙare da takwas ko tara sai an faɗe ta iri biyu kafin a taɓa ta, kuma 3100 ta ɓace daga littattafan.

Sai rigimar biyar. An tsayar da yaro a 345, aji ya rabu biyu, kowa na kiran gidansa. Yaron ya ƙirga gaba, ya ƙirga baya, ya ce, "Malama, ai daidai ne, biyar nan biyar can." Ita kuma, don ta kashe hayaniyar, ta ce biyar ta fi kusa da sama. Yaron ya tafi 350 amma fuskarsa ba ta yarda ba, kuma shi ke da gaskiya. A ofis na ce mata wannan kam sai an gyara, don sati guda muna gaya musu su yarda da abin da ƙafarsu ta auna, yanzu kuma mun ce su ƙaryata ta. Biyar ba ta fi kusa da kowa ba. Yarjejeniya ce aka yi don kada amsa ta zama biyu.

Kashegari ta tsaya gabansu ta ce jiya ta faɗi abin da ba daidai ba, yaron nan ne ya yi gaskiya. Ba kowane malami ke iya wannan ba. Sannan ta ba su misalin da muka tattauna: har zuwa 2 ga Afrilu 1972 a hannun hagu ake tuƙi a Najeriya, ranar aka koma dama. Dama ba ta fi hagu albarka ba, amma in kowa ya zaɓi nasa sai an yi karo. Yaran sun fi jin daɗin labarin motar a kan lissafin, wasu ma ba su yarda an taɓa tuƙi a hagu ba sai da suka tambayo a gida. Akwai dalili na biyu da ta ajiye sai da aka zo ɗaruruwa: daga 450 zuwa 459, guda ɗaya ce tak take tsakiya cif, sauran taran duk sun riga sun gota zuwa 500, saboda haka tura biyar sama yana sa kallon lamba ɗaya ya wadatar. Ba kowa ne ma yake bin wannan yarjejeniyar ba, wasu manhajojin kwamfuta in lamba ta faɗo tsakiya wajen mai cika biyu-biyu suke tura ta, don kada jimilla ta riƙa kumbura. Wannan ban ce ta kai musu aji ba.

Da aka koma ɗari mafi kusa, layin tokar bai canza ba, taku ɗaya ne ya zama goma. Ta ɗauki abin da ke bayan gidansu, jirgin ƙasan da ke tashi daga tashar Rigasa zuwa Idu a Abuja tun 2016, tafiyar kilomita 186. Goma mafi kusa 190, ɗari mafi kusa 200. Lamba ɗaya amsa biyu, kuma duka daidai, ya danganta da abin da aka tambaya. Wannan ya ɗaure wa wasu kai kwana guda, sannan ya zauna. Wanda ya ƙi zama da wuri shi ne na masu wayo, waɗanda in an ba su 445 sai su mayar da ita 450, sannan su mayar da 450 ɗin 500. A kan layi suna gani ƙuru-ƙuru taku huɗu da rabi ne daga 400, biyar da rabi zuwa 500, amma in suka koma benci hannu ya koma gidan jiya. Maganin da ta samu shi ne ta hana rubuta amsa sai an fara rubuta gidajen biyu da tsakiyarsu a gefe. Sai a sati na uku ta dawo da ƙa'idar biyar, a matsayin gajerar hanya ga wanda ya riga ya san doguwar, kuma ta sauya rabin waƙar: in huɗu ce zuwa ƙasa, a zauna a gida.

Ba kyauta aka samu wannan ba. Darasin kwana biyu ya ci sati uku. Jami'in da ke zagayen duba makarantu ya zo ya tarar tana baya a jadawalin zango, ya rubuta a littafinsa, kuma ban ga laifinsa ba, abin da aka aiko shi dubawa ke nan. Malamin aji biyar ya yi ƙorafin ihu a bayan tagarsa. Yara 70 ba sa kewaye layi ɗaya kowa ya gani, na bayan wasansu suke yi, sai da ta raba su gida uku ta sa manyan cikinsu riƙe layi biyu. Ruwa kuma ya wanke tokar ba sau ɗaya ba.

Gwajin da ta yi a ƙarshe ya nuna mafi yawan ajin sun kama, 330 da 357 sai ɗaiɗai. Amma akwai rukunin da layin bai yi wa komai ba, waɗanda in ka ce su rubuta ɗari uku da huɗu sai su rubuta 3004. Su ba su kai ga wannan darasin ba tukuna, aikin aji biyu ne yake binsu bashi, kuma har yanzu ba mu samo musu lokaci ba. Akwai kuma waɗanda suka iya a baki, amma da tambayar ta zo da Turanci a takarda ba su gane ita ce ba, sai da ta koma ta koya musu kalmomin tambayar su kaɗai.

Takardar ɗan mai shago ita ta kawo mini da kanta. Duk tambayoyin ya ci, har 396 da 445. A ƙarshe ta sa guda biyu masu lamba ɗaya don ta gwada su. A ta farko, 342 tsurarta, ya rubuta 340. A ta biyu ta sa alamar naira a gaban lambar, ya rubuta 350.

"Malam, in ba shi ko in hana shi?"

Na ce tambayar goma mafi kusa ta nema, kuma mai makin jarrabawar gama firamare bai san shagon babansa ba. Ta ce ta sani. Ta juya jan biron a hannunta, ta soke amsar, sannan ta rubuta a gefe da ƙananan baƙaƙe: "A shago ka yi daidai. Zo ka same ni in an fita tara."